Zogalena da Yashin Mutanen Japan

Mun tashi da asuba daga Al Wukair, unguwarmu a nan ƙasar Qatar, liman na sallamewa mu muna loda akwatuna. Kafin in shiga mota sai da na zagaya bayan gareji na zuba wa zogalena ruwa, na dafa jikinsa na ce ya kwantar da hankalinsa, zan je ƙasar Turawa in tsaya masa a shari'a. Ku yaran da ke karanta wannan a bakin geti kuna dariya, ku ci gaba. Wanda bai taɓa cin kwaɗon ganyen bishiyar nan ba a cikinku ya ɗaga hannu in gan shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne a gidan wani Balarabe tun gashin kaina na baƙi. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, don haka duk ɗan bokon da ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya dame ni. Mai gidan, wato kafil ɗina wanda takardun zamana a ƙasar ke hannunsa, Baba muke ce masa. Ya girme ni amma ba da yawa ba. Shekarun baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya koma keken marasa lafiya, ni kuma na koma rabi direba rabi mai tura keke. Babban ɗansa shi ke riƙe da gida yanzu. Injiniya ake ce masa, ban dai taɓa ganinsa riƙe da ko sukudireba ba.

Shi kuwa zogalen, irinsa a aljihu na zo da shi daga Malumfashi wani hutu da na je. Na shuka shi a bayan gareji inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, na yi masa rumfa da tsohon buhun shinkafa har ya iya da ranar ƙasar nan. Ya girma ya wuce katanga. Duk Juma'a yaranmu masu gadi sukan taso tun daga Al Asmakh, su canja jirgin ƙasa a Mushairib, su sauka Wakra su hau bas, ba don sun yi kewar fuskata ba, don ganye. Akwai wata nas 'yar Jos da ke aiko da leda duk wata. A garin da komai a cikin firiji ake sayensa, wannan bishiyar ita ce gida.

To sai Injiniya ya ga wani abu a waya. Wai lambun mutanen Japan. Ya ce za a share bayan gida gaba ɗaya a yi irinsa, kuma zogale ne zai fara tafiya. Na kai ƙara wajen Baba. Baba ya ce: "Ya Haji, ba za mu Jamus ganin likita ba? An ce akwai irin lambun a garin. Zan gani da idona. In bai burge ni ba, ba mai taɓa bishiyarka." Kun ji abin da ya kai ni Turai. A takarda an rubuta mai tura keke ne. A zuciyata lauya ne, kuma na yi niyyar in kushe lambun nan tun daga ƙofa har Baba ya ji ƙyamarsa.

Abin haushi na farko, wani direba aka kira ya kai mu filin jirgi, ni ina baya a zaune kamar amarya. Yaron nan yana taka birki kamar yana kashe kyankyaso. A filin jirgi aka ƙwace mini gorar ruwa, aka ce in shiga ciki in sayi wata irinta sak. A cikin jirgi aka kawo abinci a ɗan faranti wanda ko jaririn kyanwa zai raina. Baba ya yi barci, Injiniya ya toshe kunnuwa, ni na zauna ina haddace miyagun maganganun da zan yi a kan lambun da ban taɓa gani ba.

Mun sauka a wani birni na Jamus wanda sunansa sai ka yi kamar kana kakin majina kafin ya fito, don haka na bar muku shi. Wai lokacin zafi ne a wurinsu. Ƙarya ne. Ruwa ake yi tsit-tsit, iska na shiga ta ƙasan riga. Amma a matsayina na direba dole in faɗi gaskiya ko da tana ɓata mini rai: titunansu sumul, kuma na yi kwanaki a garin ban ji an danna ham ba. Tsohuwa za ta sa ƙafa a titi, motoci su tsaya cak kamar an kira salla. Babu mai haska maka fitila ta baya don ka kauce. Na rasa yadda direbobinsu ke huce haushi. Ina jin a gida suke yi da matansu.

Abinci kuwa, burodinsu in ka jefi mutum da shi sai an kai ku wajen 'yan sanda. Sai da na gano shagon wani Baturke mai yanka nama a jikin ƙarfe mai juyawa sannan raina ya dawo. Banɗaki sai ka biya kafin ƙofa ta buɗe, ka shiga kuma babu ruwa, sai takarda. Allah Ya sa na zo da butata a akwati, duk da dariyar da Injiniya ya yi mini. Ga rana da ba ta san lokacin tafiya gida ba. Ka yi la'asar, ka jira magariba, ka gaji, ka yi gyangyaɗi, ka farka, tana nan tana kallonka.

Kwanakin farko a asibiti muka yi su. Likitoci suka juya Baba, suka murɗa, suka ɗauki hoto, suka ce ya ci gaba da abin da yake yi. Abin da likitan Doha ya faɗa ke nan, sai dai na Jamus ya faɗa da sanyin murya. Muka dawo da Baba masauki. Mutumin da a da shi ke fara isa masallaci, yanzu salla a kujera yake yi a ɗaki yana fuskantar labule. Na san abin na cin sa, bai dai faɗa.

Ranar da za a ga lambu, bayan azahar ta shiga muka fita, Injiniya na ta "yalla, yalla" kamar lambun zai gudu. Na ce zan haɗa azahar da la'asar a can, tunda matafiyi ne ni. Aka yanki tikiti, na tura Baba muka shiga ta wata ƙofar katako, na gyara murya na fara aikin da ya kawo ni.

Da farko wani tafki muka tarar cike da kifaye jajaye da farare, kowane ya kai cinyata ƙiba. Na tambaya ranar da ake kamawa. Injiniya ya ce ba a ci, kallo ake yi. Na sunkuya kunnen Baba na ce: "Ka ji ko? Kifi na cin abinci, mutum na kallo." Baba ya ce hmm. Muka wuce wata gada da aka lanƙwasa da gangan, ba don komai ba sai don mai tura keke ya ji a ƙugunsa. Duwatsu duk gansakuka ta rufe su, irin wadda in ta fito a bayan randa uwarka za ta ba ka tsintsiya, su kuwa nan lallaɓa ta ake yi. Bishiyoyi ko ɗaya babu mai 'ya'ya. Ba mangwaro, ba gwaiba, ba lemo. Na ce: "Baba, lambun da akuya za ta shiga ta fito da yunwa, lambu ne?" Ya yi ɗan murmushi. Na ce a raina, shari'a tana tafiya daidai.

Sai muka iso wurin da ya tayar mini da hankali da gaske. An jera wasu bishiyoyi a kan tebur, kowace a cikin ɗan kasko kamar na turaren wuta. Bonsai suke ce musu. Bishiya ce sosai, da gindi da rassa da tsufa a jikinta, amma tsawonta bai wuce gwiwata ba. Injiniya ya karanta allo ya ce wata ta girmi Baba. Wai da ta yi yunƙurin girma sai a datse kanta, a yanke saiwarta, a ɗaure hannuwanta da waya. Na tsaya ina kallon wata, na ji kamar na san ta. An ciro ta daga ƙasarsu, an sa ta a kaskon wani, ana ba ta ruwa daidai yadda ba za ta mutu ba. Na ce da ƙarfi da Hausa: "Sannu 'yar'uwa, ke ma kafil gare ki?" Ba wanda ya gane, amma na huce kaɗan. Abin da na lura da shi kuma, duk wanda ya zo gabansu sai ya rage murya, ya maida hannu baya. Ba mai taɓa ko ganye.

An ba mu shayi a wata bukka. Kore shar, ba sukari, ba madara, ɗaci kamar an dafa ciyawar masara. Na tuna karak, shayin nan mai madara da sukari na bakin titin Wakra, hawaye ya kusa zubo mini. Baba ya kurɓa ya yamutsa fuska ya miƙo mini kofin. Na ce: "Ka gani? Mutanen da ke shan wannan, shawararsu za ka bi a kan bayan gidanka?" Ya ce: "Wallahi ya Haji, kana da magana." Jama'a, a wannan lokacin na ci shari'a. Na riga na fara lissafin ƙuli-ƙulin da zan aika a kawo don kwaɗon murna.

Injiniya ya samu kira ya koma gefe da waya. Ni kuma na duba na ga lokaci na tafiya ban yi salla ba. Na tura Baba muka zagaya wata katangar gora ina neman lungu.

Yanzu ina so ku saurara da adalci, ku da kuka tashi a ƙauye, ba 'yan birni ba. Abin da na gani ga shi. Wani dutse da aka fafe kamar turmi, ruwa mai tsabta na zuba a ciki, an ɗora ludayin gora a bakinsa, na kuma ga wata Baturiya ta ɗebi ruwan ta wanke hannuwanta. Kusa da shi dakalin katako, takalma a jere a ƙasa, mutane zaune a sama shiru sun sunkuyar da kai. A gabansu fili ne mai kusurwa huɗu, an zuba farin yashi mai tsakuwa-tsakuwa, an share shi tas har sawun shara ya fito layi-layi kamar sahu, an kewaye shi da duwatsu. Ku gaya mini, daga Malumfashi har Maraɗi, in ka ga ruwa da ludayi, ka ga an tuɓe takalma, ka ga yashi a share an kewaye da duwatsu, mene ne sunan wurin? A kowace tasha, a kowace gona, a bakin kowace kasuwa haka muke yin masallaci. Har na ji kunyar zagin da na yi wa mutanen. Na ce ashe suna da tunani, sun yi wa matafiya tanadi.

Na ja wa keken Baba birki a bakin filin. Na yi alwala da ludayinsu, ruwan sanyi kamar ƙanƙara. Na duba alƙibla a waya, na tuɓe takalmi, na tsallake duwatsun da bisimilla, na taka har tsakiya don kada in tare wa masu zuwa hanya. Ban ma shimfiɗa darduma ba, wurin ya fi dardumata tsabta. Na kabbara.

A raka'ar farko na ji wani irin nishi daga dakalin, kamar an taka wa mutane da yawa ƙafa lokaci ɗaya. Na ce shaiɗan ne. A sujada na ji ƙarar wayoyi ana ɗaukar hoto. Ban kula ba, na yi azahar, na tashi na kawo la'asar, na zauna na yi addu'a har da roƙa wa zogalena tsawon rai. Da na shafa na waiwaya, sai ga Injiniya tsaye, fuskarsa ta yi ja kamar kifin tafkin nan.

"Ya Haji! Me ka yi? Fito! A'a, kada ka taka nan! Kada ka taka can ma!"

Na ce: "To ta sama zan fito?"

Kusa da shi wani tsohon Bature ne siriri, sanye da rigar aiki, riƙe da manjagara ta katako. Bai yi ihu ba. Ya jira har na idar, wannan na yaba masa. Kallon yashin kawai yake yi: ga sawuna, ga gurbin gwiwoyina, ga inda goshina ya sauka ya yi rami. Injiniya ya ce mini cikin haƙora wai yashin nan teku ne, manyan duwatsun tsibirai ne, layukan igiyar ruwa ne, kuma tsohon nan tun safe yake zana su. Na ce: "Wato a cikin teku na yi salla?" Ban ji daɗin ganin fuskar tsohon ba, don na san yadda mutum ke ji in an taka masa shuka. Na durƙusa na fara shafe ramin da tafin hannu don in taimaka. Tsohon ya yi wata 'yar ƙara, ya kama hannuna a hankali, ya fito da ni kamar makaho.

Amma laifin wa? In teku ne, ina ruwan? In ba a shiga, me ya kawo ludayi? Allon da suka kafa da Jamusanci ne da Turanci, ni kuma na gaya muku ajin da na tsaya.

Ana cikin haka muka ji wani sauti. Baba ne. Dariya yake yi, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun kafin ciwon, rabin bakinsa da ke aiki yana rawa, hawaye na zuba. Na ce madalla, ya ga shirmen wurin. Sai dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ya nuna yashin da hannunsa mai lafiya.

Ya ce: "Haji bai yi kuskure ba. Haka muke yi. Ina yaro in mun fita daji da mahaifina, duwatsu yake jerawa a kan yashi, ya ce ga masallaci. Haka sak. Ba rufi, ba kafet." Sannan ya dubi ɗansa. "Tun da na kwanta ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan nake so a bayan gida. A nan zan riƙa salla. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce: "Baba, shayin fa? Ka manta shayin? Kifin da ba a ci fa?"

Ya ce: "Ba na son kifin. Yashin nake so."

Kun ji. Mutumin Qatar, ƙasar da in ka buɗe taga yashi ne ke yi maka sallama, ya hau jirgi ya keta duniya ya je Jamus ya ga yashin Japan ya ce shi yake so. Kuma wa ya tallata masa? Ni. Da goshina. Duk kushen da na yi tun daga ƙofa, raka'a huɗu suka rushe shi. Injiniya da ke shirin cinye ni ɗanye sai ga shi yana dafa kafaɗata yana cewa na gode ya Haji. Tun a motar komawa masauki na ji shi yana waya da ma'aikata. Ban ci abinci ba ranar. Washegari Baturken ma sai da ya tambaya ko lafiya.

Mun dawo Doha da rana tsaka, zafi ya rungume ni a ƙofar filin jirgi kamar ɗan'uwa. Muna isa Al Wukair ban sauke ko akwati ba na zagaya bayan gareji. Fili fetal. Sama ta yi yawa a wurin. Sun sare shi, sun tone gindin, har sun fara zuba farar tsakuwa. Rassan na can waje kusa da kwandon shara, ganyen ya yi laushi a rana. Ba zan gaya muku abin da na faɗa ba, akwai yara a zauren nan.

Na tsaya a kan tarin na daɗe. Sannan na zaɓi reshe ɗaya mai kaurin damtsena, na datse shi, na samu tsohon bokitin fenti na huda gindinsa, na cika da ƙasa na kafa shi, na ajiye a gefen yashinsu inda suka karkatar da ruwan na'urar yake ɗiga yanzu. Da Injiniya ya gani ya ce: "Mene ne wannan kuma? Fitar da shi."

Na maida hannuwana baya, na rage murya kamar yadda na ga ana yi a can, na ce: "Bonsai ne."

Ya buɗe baki zai yi magana, Baba daga kan kekensa ya ce: "Bar masa." Sharaɗin dai kada ya wuce ƙirjina. In ya wuce, ni da hannuna zan datse masa kai.

To ga abin da tafiyar nan ta koya mini, tunda an ce dole matafiyi ya dawo da darasi. Na ɗaya, kada ka tafi ko'ina ba buta. Na biyu, in ka je kushe abu, ka yi sallarka tun a gida. Na uku, a duniyar masu kuɗi bishiyar da ke ciyar da mutane ita ake sarewa, wadda aka hana girma ita ake yi wa ladabi. Har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba na neman wanda zai ba ni haƙuri.

Yanzu an ƙara mini aiki. Kullum da safe ni ke jan manjagara ina zana igiyar ruwa a tekun Injiniya. Da la'asar in rana ta yi sanyi in turo Baba har tsakiya, tayoyin keke su ɓata zanen gaba ɗaya, in cire masa takalmi in ɗora tafin ƙafarsa a kan yashin. Yakan lumshe ido ya motsa yatsun da ke motsi. In tsaya a gefensa mu kabbara, goshina na sauka daidai inda gindin zogalena yake a da. Ina jin haushi, ina kuma cewa amin.

Shekaranjiya reshen ya fito da ganye, ƙanana kamar kunnen ɓera. Saboda haka ku yaran Al Asmakh, wanda ya ga dama ya zo ranar Juma'a, amma kada kowa ya zo mini da leda ko ƙuli-ƙuli. Ku tuɓe takalma, ku maida hannu baya, ku rage murya. Ba a ci. Kallo ake yi.